Rigar Roƙon Ruwa

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana, ɗan farina. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya sa ka sauka Tawa da ƙafar dama, ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin baki da sharrin abin da ido ba ya gani. Ka gaida kawunka Assumana da matarsa Rabi, ka ce musu godiyata ta fi ƙarfin bakina.

Na ɗinke takardar cikin ƙunshin cukun da na ba direban motar kasuwa, don na san ka da cuku, busasshen nonon nan, ba za ka bari ya kwana ba ka kwance ba. Ban kai wa mai rubuta wa mutane wasiƙa a kasuwar Afala ba, bakinsa ba shi da marfi. Da hannuna na rubuta, da ɗan bokon da aka koya mana lokacin da aka tara mu ungozomomin ƙauyuka. In ka ga baƙaƙen sun karkace kamar sawun kaza, yi dariyarka, ba na kusa balle in make ka.

Ranar da ka tafi ban raka ka ba. Ka ga ina daka, ka ce, "Inna, na tahi," na ce, "To," ban ɗaga kai ba. Hatsin da ke cikin turmin ya daɗe da zama gari, ni dai na yi ta dukansa har ƙarar motar ta ɓace. Ka san kunyar ɗan fari, uwa ba ta nuna ta damu, ba ta ko kama sunansa. Abin da bakina ya kasa a ƙofar gida shi ne hannuna zai yi yanzu.

Ba labarin gari zan ba ka ba, jiya-jiya ka bar shi. Kurakuraina zan tuna maka, kuma babu na ɓoye a ciki, a jikinka aka yi su. Ina tuna su ne don abu guda nake tsoro, ba yunwa ba, ba soja ba. Shirun nan nake tsoro, wanda ya taɓa rufe ka har ya kusa raba ni da kai. Ina tsoron ya biyo ka birni, inda babu wanda ya san kamanninsa.

Ka san sana'ata. Rabin yaran garin nan ta hannuna suka faɗo duniya. Ni ce mai dubawa in ɗaga murya in ce wa matan tsakar gida mace ce ko namiji ne. Ranar da na haife ka, innata, wadda na gaji aikin a hannunta, ta duba ta ce mace ce, ni ma na leƙa na gani, liman ya raɗa sunan mace. Babu wanda ya yi ƙarya, abin da ido ya gani aka faɗa. Ni kuwa na girma da girman kan cewa wadda ta ga jariri tsirara ta gama ganinsa. Sai da Allah ya ba ni kai na gane cewa ƙofar ɗakin kawai nake gani, wanda ke ciki sai ya fito da kansa.

Kana ɗan ƙarami lokacin yunwar farko, wadda ta kawo soja kan mulki. Tun a lokacin ba a raba ka da yaran da ke kora awaki. In na ɗaura maka ɗankwali, kafin in juya yana wuyan akuya. Jigidar da na saya maka ka tsinka ta, ka yi harbin tsuntsaye da duwatsun. Ranar kitso kuwa sai na matse ka tsakanin gwiwoyina kamar za a yi wa ɗan maraƙi lamba. Da fari dariya nake yi, daga baya na koma muciya. Amma ba dukan ne ya fi ci mini rai ba. Wata rana muna tankaɗe ka matso kusa da ni, ka yi ƙasa da murya, ka ce, "Inna, yaushe za a gane ni namiji ne?" Na yi dariya har da hawaye. Da safe na kwashi maganar na kai bakin rijiya, na ba mata, suka yi ta shewa, kai kuwa kana tsaye nan riƙe da igiyar guga. Daga wannan rana ba ka sake kawo mini wata magana daga cikinka ba, kuma ban ga laifinka ba.

Saboda haka, ɗana, ka san kunnen da za ka zuba wa maganarka. A Tawa za ka sami masu daɗin hira, 'yan Maraɗi da 'yan Damagaram da 'yan Sakkwato, masu sa mutum ya saki jiki tun kafin shayi ya tafasa. Ka ci da su, ka yi wasa da su, amma labarin kanka ka riƙe shi sai ka ga yadda mutum yake yi da labarin wani. In kuma wata rana yaro ya matso ya faɗa maka abin da ya ba ka mamaki, ka haɗiye dariyar, ka ce masa ya ƙara faɗa.

Da jikinka ya fara canzawa, sai shirun ya sauko. Ba rana ɗaya ya zo ba. Ka daina zuwa lakwal, makarantar boko, kai da maitir, malaminku, ke yabo. Ka daina fita kiwo. Ka koma ƙuryar ɗaki ka juya wa ƙofa baya, in an ajiye hura sai ƙuda ya sha ya bari. Ka ɗaure ƙirjinka da tsumma har numfashinka na fita da ƙyar. In na yi magana sai ka kalle ni kamar daga wancan gefen kwari nake kira. Ni kuwa da iyawata na ce iskoki ne. Na kai ka Bambai wurin 'yan bori, suka ce wani iska namiji ne ya hau ka, suka yi kiɗa, suka cinye akuyarmu ta ƙarshe, muka dawo da kai yadda muka je. Na koma wurin malam, ka sha rubutu har haƙoranka suka yi baƙi, aka turara ka har idonka ya yi ja. Duk wanda aka ce ya iya, na je wurinsa. Kai kaɗai ne ban tambaya ba.

Ba ina hana ka addu'a ba ne, ka riƙe ta da hannu biyu. Amma kada ka yarda wani ya ce maka akwai abin da za a kora daga jikinka. Mun kora, mun kora, babu abin da ya fita, don babu baƙo a ciki.

Kawunka ne ya matsa mini in kai ka wurin likita a Tawa. Ka tuna lokotoron nan dogo, mutumin Damagaram? Ya duba idonka, ya saurari ƙirjinka, sannan ya ce in fita waje. Ni, ungozoma guda, a ce in fita! Na zauna kan benci ina huci, ku kuwa kuna ciki har inuwa ta juya. Da ya kira ni sai ya ce, "Uwa, jikin lafiya lau yake. Ciwon a rai yake, kuma irinsa yana kisa kamar yadda zazzaɓi ke kisa. Ki zauna ki saurara, kada ki bari zaman kaɗaici ya yi yawa." Na ce, "Allurar fa?" Ya ce babu allura. Wallahi har muka iso gida ina zaginsa. Na ce na taka duwatsun Adar tun daga ƙauye don wani mai farar riga ya ce in saurara, kamar ba ni da kunne? Ashe ba ni da shi ɗin. Abin da ka faɗa masa a ɗakin nan har yau ban sani ba, amma na lura a hanya ka ci gyaɗar da kawunka ya ba ka, ban dai kawo komai a raina ba.

Kawunka ya ce mutumin yana nan har yanzu. Ka je ka gaishe shi tun kana lafiya, ya san kana gari. Kada ka jira sai abin ya yi nauyi. Ni da nake raina magana, yanzu na yarda magani ce, kuma ta fi allura wuyar samu.

Sai fari na biyu ya zo, wanda ya fi na farko muni. Maza suka watse, babanka ya bi su Kurmi, can kudu, neman abin da za a ci. Buzaye suka gangaro daga Azawak babu dabba ko ɗaya a gabansu. Muka koma jiƙa 'ya'yan anza na daji muna zubar da ruwan ɗacin, mu sake jiƙawa. An yi shuka ta tsiro ta ƙone. Tsofaffin da suka rage suka fita filin idi suka yi sallar roƙon ruwa, sama ta yi fari fat. Daga nan Iya Tsahara, tsohuwar da ta fi kowa shekaru a gari, ta ce a fito da na kakanni. Ka san shi, amma bari in faɗa yadda na gan shi. Mata su sa riguna da wandunan mazansu, su kafa hula, su saɓa hauya, su kewaye gari har dutsen gabas suna kiɗan ƙwarya suna koke, don a ga duniya ta juye a ji tausayinmu. Ba a barin mace ko ɗaya a gida. Kafin rana ta faɗi kuma kowace ta tuɓe ta mayar da kayan inda ta ɗauko, in ba haka ba an ce ruwan ya ɗaure. Liman ya kau da kai, shi ma gonarsa ta ƙone.

Kada ka ɗauka tausayi ne ya sa na fito da kai. Tsoron bakin mata ne, kada a ce gidanmu ne aka bar mutum a ɗaki. Na jefa maka tsohuwar shuɗiyar rigar babanka da wando da hula, na ce, "Tashi ki sa, kada ki ja muna magana." Na fita tsakar gida ina kokawa da wandon kawun babanka da ya ƙi zama a ƙuguna. Sai na ji motsi, na juya.

Ɗana, na ga haihuwa iri-iri. Na ga wanda ya zo da ƙafa, na ga wanda ya zo shiru aka hura masa rai ya tsanyara. Ban taɓa ganin abin da na gani a bakin ƙofar nan ba. Wani saurayi na gani tsaye, kafaɗa a buɗe, hauya a wuya, hula ta ɗan karkata. Wallahi sai da na kai hannu zan ja mayafi in rufe kaina don baƙon namiji ya shigo gida, ni da ke sanye da wando! Sannan na ga idon, na gane naka ne. Na shekara ina kai hura ga wani abu mai numfashi a ƙuryar ɗaki, ga shi yau mutum ya fito, kuma ban san shi ba, ni da na haife shi.

A hanya mata sai tuntuɓe suke da wanduna, wata ta manna gemun auduga, wata tana kwaikwayon tafiyar mijinta, ana kuka ana dariya a haɗe. Kai kaɗai ne ba ka kwaikwayon kowa. Kana gaba, kana taka duwatsu kamar kai ka jera su. Na ji ka yi dariya, na tsaya cak, don na manta yadda take. A gindin dutsen Iya Tsahara ta bi mu ɗaya-ɗaya tana tambaya cikin wasa, "Malam, mi sunanka?" Wata ta ce Sarkin Noma, wata ta ce Alhaji Mai Tumbi. Da ta zo kanka sai ka faɗi suna, a hankali, ba dariya, sunan da babu mai shi a danginmu. Na gane ka daɗe kana ɗauke da shi. Tsohuwar ta dube ka ta daɗe, sannan ta juyo ta ce mini, "Ke, wanga ba wasa shikai ba." Da muka dawo ka zauna ka cinye anzar da ke cikin ƙwarya, ka ce a ƙara.

Rana ta yi ƙasa, kowace ta tuɓe. Na ce ka kawo rigar. Ka riƙe wuyanta da hannu biyu, ka ce, "Inna, bar mini ita. Tun da anka haihe ni, yau ɗai nij ji ni ne." Na bar ka, na ce gobe. Gobe ta zo ka ƙi. Hadari ya haɗu a gabas, ya yi baƙi, muka fito da ƙorai, iska ta kwashe shi ta yi yamma da shi. Ya sake haɗuwa ya sake watsewa. Sai ga mata a ƙofar gidana, da manzon mai gari a bayansu. Suka ce, "Ɗiyakki ta ɗaure muna ruwa. Ki tuɓe mata wagga riga ko mu tuɓe mata." Mutanen da na yanke wa 'ya'yansu cibiya ne, amma yunwa ta canza musu fuska.

Nan na yi wanda ya fi duka. Na jira ka shiga wanka, na ɗauke rigar da wandon da hular, na jefa su cikin rumbun da babu ko ƙwayar hatsi, na rataya maka zane a kan danga. Ka daɗe a bayan dangar nan. Da ka fito ka wuce ƙuryarka. Ruwan kuwa bai zo ba, ko ɗigo. Hadari bai san wanda ya sa wando a garinmu ba, mu ne muka ɗora masa.

Ka riƙe wannan da kyau, don a birni ma haka ake yi. In ruwa ya yi jinkiri, ko ciwo ya shigo gari, sai a nemi wanda za a nuna da yatsa. Kawunka ya ba ni labarin yadda ake korar mata masu zaman kansu da 'yan daudu zuwa bayan gari duk shekarar da damina ta ƙi, soja na kallo ko suna taya kora. In ka ji gari ya fara irin wannan gunaguni, ka rage yawo, ka tsaya kusa da amalanken kawunka, kada ka yi gardama da mai kaki ko kana da gaskiya. Amma a cikin ranka kada ka taɓa yarda kai ne sanadi. Ni na yarda sau ɗaya, ka ga abin da ya biyo baya.

Bayan haka, wata rana da tsakar rana ne, lokacin da babu kowa a rijiya don zafi. Na leƙa ɗaki ban gan ka ba, ƙafata ta kai ni can ban san dalili ba. Na hango ka zaune a bakin tsohuwar rijiyar, ƙafafunka a ciki, kana kallon ƙasa. Na buɗe baki in kira ka, sai na ga ba ni da abin kira. Sunan da liman ya raɗa bai taɓa bi ta bakina ba saboda kunya, kuma na san in na faɗe shi a wannan lokaci kamar na tura ka ne. Wanda ka faɗa a gindin dutse kuwa ya ƙi fitowa daga bakina. "Ke" nake ce maka tun kana goye, ita ma na ji ba ta da amfani. Uwa tsaye a bayan ɗanta, bakinta a buɗe, babu suna. Na tuɓe takalmi na lallaɓa, na rungumo ƙugunka na ja da duk ƙarfina, muka zube kan duwatsu. Ba ka da nauyi ko kaɗan. Ka ce, "Inna, na gaji." Na ce, "Na ji." Wannan ne karo na farko da na faɗi haka da gaske.

Ban saki wuyan hannunka ba har bakin rumbu. Na shiga da kaina na ɗauko rigar, na kakkaɓe ƙura, na zura maka ita kamar yadda nake sa wa jariri rigarsa ta farko. Muka zauna a inuwar rumbun, ka yi ta magana har la'asar, ni kuwa na kama bakina, abin da ka san ba ƙaramin aiki ba ne a wurina. Na ji abubuwan da ban gane ba, har yau akwai waɗanda ban gane ba. Amma na ga numfashinka yana daidaita, na ce wannan ya ishe ni.

Washegari na tafi da kai rijiya cikin rigarka, lokacin da mata suka cika. Na ajiye tulu na ce, "Ga shi nan, ku dube shi da kyau. An tuɓe mai riga, ruwa bai zo ba. Wadda duk tas sake kai hannu ko baki gare shi, ran naƙudatta ta nemi wata ungozoma." Allah ya sani ba zan iya ƙin zuwa ba ko da tsakiyar ruwa aka kira ni, amma su ba su sani ba, kuma da yawansu na da ciki. Iya Tsahara ta tofar da goro ta ce, "Ku ba shi guga, ku bar kallo." Ba duka suka sauko ba. Akwai waɗanda har yau ba sa amsa gaisuwata da daɗi, na kuwa yi ƙiba a kan haka.

Ka tuna ranar da motar soja ta kawo jar dawar agaji? Aka yi layin maza, aka yi na mata. Na ga ka nufi na maza, na ce yau za a yi mana tonon silili a gaban gari. Sojan da ke awo, baƙo ne daga yamma, ya ɗaga kai ya ce, "Kai, samari, matso da buhunka!" Ya zuba maka ya kira na baya. Shi ke nan. Abin da ya ci mini shekaru da akuya da tafiyar Bambai, wani baƙo ya gan shi da kallo ɗaya bai ko tsaya mamaki ba. Na tsaya a layina ina ta tasbihi, ta bayana tana tura ni.

Babanka kuwa, kada ka riƙe shi a rai. Da ya dawo daga Kurmi ya tarar da rigarsa a jikinka, ka ga yadda ya yi, kwana da kwanaki yana fita tun asuba. Ni na sha faɗan a ɗaki, na kuma rama, na faɗa masa zancen rijiya ban rage komai ba. Bai iya irin wannan magana ba, ba a koya masa ba. Amma kai ma kana wurin ranar da ya dube ka ya ce, "Wagga riga ta yi yawa ga kahwaɗa. A kai ta wurin tela a rage." Kuma da damina ta dawo kuka yi noma tare, da aka kawo tuwo gona bai ce a raba akushi ba. A wurin mutum irin babanka wannan doguwar magana ce. Ka riƙa aiko masa da gaisuwa da sunansa daban, ko da goro ɗaya ne.

Sauran kaɗan ne, na ungozoma. Kada ka matse ƙirjinka har numfashi ya gagara, in ka shiga ɗaki ka sassauta, haƙarƙari ba itace ba ne. Abin da ke zuwa wata-wata kada ya sa ka tsani kanka, Rabi ta sani, ita za ka yi wa magana, ba ta da surutu. Aikin amalanke a kasuwar Lahadi aikin ƙarfi ne, ka ci abinci, kada ka ɗauki buhun da ya fi ka don a ce kai namiji ne, maza da yawa sun karya bayansu a kan wannan wauta. Ka taɓa tambayata sahun da za ka tsaya a masallaci. Ban sani ba, ni ba malama ba ce, kuma ba zan yi maka ƙarya ba. Ka dai yi sallarka kada ka bari. Wanda kake tsayawa gabansa ya san ka tun kafin innata ta duba.

Ga babbar maganar. In ka ji abinci ya fara fita ranka, in ka ji kana son juya wa ƙofa baya, in gaisuwa ta fara yi maka nauyi, to shi ne, ya dawo. Kada ka ji kunya, kada ka ce namiji ba ya faɗa. A ranar, ba gobe ba, ka faɗa wa kawunka ko Rabi ko lokotoron nan. In duk ba su samu ba, ka hau motar kasuwa ka zo, ko babu ko sisi a aljihunka, direban ya san ni, ni na karɓi haihuwar 'ya'yansa. Ka shigo da rana tsaka ta ƙofar zaure, cikin rigarka. Kada ka zauna kai kaɗai da wannan tunani a bakin komai mai zurfi. Hannuna ba ya kaiwa Tawa.

Abin da zai kai can, shi nake gyarawa. Tun da ka tafi nake koyon abu guda a bayan rumbu, inda babu mai ji. Kunyar ɗan fari ta kakanni ce, na riƙe ta shekara da shekaru, amma ta bar ni tsaye a bakin rijiya babu abin kira, ba za ta sake ba. Da fari sunan ya ƙi fita, sai iska. Jiya da hantsi na tsaya tsakar gida na faɗe shi da ƙarfi, har kaji suka watse. Babanka ya leƙo daga zaure ya ce, "Wa kike kira?" Na ce, "Ɗana." Ya ce, "Ai ya yi nisa, ba shi jin ki." Na ce zai ji.

Allah ya tsare gabanka da bayanka. Allah ya haɗa ka da mutanen kirki, ya kau da idon mugu daga kanka, ya sa albarka a guminka. Allah ya ba ka barci mai daɗi da zuciya mai sauƙi, ya nesanta ka da shirun nan har abada, in kuma ya zo ya ba ka bakin faɗa. Babanka yana gaishe ka, Iya Tsahara tana gaishe ka, ta ce ka aiko mata da taba. Allah ya dawo mini da kai da ƙafafunka.

Ka ci cukun, kada ka raba wa 'yan kasuwa duka. Ka daɗe a duniya, Hamidu. Hamidu, ɗana, ka ji ko?

Ni ce,
Innarka.